Ranar da Aka Gwada Karen Marisol

Shekara talatin Marisol Benavides ta yi tana aikin ungozoma a unguwar Bronx kafin ta iya sayen gida a unguwar Manhattan, a hawa na shida na wani bene da aka gina tun kafin yaƙin duniya, aka sabunta shi. Abin da ya rage shi ne kwamitin mazauna benen ya amince da ita da karenta Pancho.

Ranar ganawa da kwamitin, mutum biyar suka zuba mata ido. Shugabarsu, Misis Adelman, ta cire tabarau.

"Baiwar Allah, karen nan yana haushi?"

"Ba kasafai ba, ranki ya daɗe."

"Haka kowa ke cewa. Walter, je ka danna ƙararrawar ƙofa mu ji."

Wani dattijo daga cikinsu ya tashi ya fita. Marisol ta damƙe igiyar karen, don ta riga ta saki gidan da take haya. Ƙararrawa ta kaɗa har sau uku. Pancho ko kunne bai ɗaga ba.

Bayan kwana tara aka bugo mata cewa an amince. Har yau ba ta faɗa wa maƙwabtanta cewa karen ya daɗe da kurmancewa ba.