Dutse a Mangalar Sahabi

Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, an yi wani mutum a Bungudu da ake ce wa Sahabi Mai Goyo. Ba sunan yabo ba ne, 'yan gulma ne suka laƙaba masa don su ci masa fuska. Shi kuwa ya karɓe, in aka kira sai ya amsa da ƙarfi har na ƙarshen kasuwa ya ji. Gajere ne kakkaura, mai ɗan gemu, ga taurin kai kamar na jakunansa. Jaki biyu gare shi. Yana ɗaukar auduga zuwa Gusau, ya komo da gishiri da kanwa, iyakar arzikinsa ke nan.

A shekarar marisuwa, murar nan da ta kwashe mutane gida-gida, matarsa Ma'u ta kwanta kwana huɗu, ta cika. Ta bar masa 'ya'ya uku: Ruƙayyatu mai shekara shida, Ummaru mai uku, da Nana wadda ko yaye ta ba a yi ba.

Ana gama sadakar arba'in dangi suka zauna a zaure rabon yara, kai ka ce goron biki ne. Baffa Jatau, ƙanen mahaifin Sahabi, shi ke yanka. Nana a kai ta wurin dangin uwa a Magami. Ummaru ya zauna gidan Baffa. Ruƙayyatu kuwa ta bi gwaggonta Uwani, yayar Sahabi da ke aure a Tsafe. Ba wanda ya tambayi uban. To, me za a tambaye shi? Haka aka tarar ana yi.

Sahabi ya bari suka gama tsaf, sannan ya ce, "Baffa, Allah shi ba ka haƙuri, ba inda za su."

Baffa Jatau ya ce, "Kai za ka ba jaririya nono?"

"Ina da akuya."

"Wa zai goya ta?"

"Ina da baya."

Zaure ya kwashe da dariya. Aka ce a ƙyale shi, zafin mutuwa ne, in ya kwana bakwai da kukan jaririya da ƙafarsa zai kawo su. Ba su san abin da ke cin mutumin ba. Shi ma haka aka yi musu. Ranar da uwarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu, aka ɗora Uwani a jaki aka yi Tsafe da ita, ubansu na zaune a ƙofar gida yana saƙar igiya, ko kai bai ɗaga ba. Sai bayan shekara ashirin suka sake haɗuwa a wani wurin suna, suka gaisa kamar baƙi, sai da wata tsohuwa ta ce musu ciki ɗaya suka fito. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Goyon farko abin dariya ne, abin kuka. Ya ɗaure zanen Ma'u a ƙugu kamar mai shirin kokawa, Nana ta zame har cinyarsa tana tsala ihu. Ruƙayyatu ce ta ce ya sunkuya. Ta hau turmi, ta gyara ƙafafun jaririyar, ta nuna masa yadda ake soke zane a ƙirji a bi da majanyi. Ita ta koya masa kaurin kunun da ya dace da bakin jariri. Ita ta san kukan yunwa da kukan barci. 'Yar mitsitsiya da ita, amma rabin gidan a kanta yake.

Da ranar kasuwar Gusau ta zagayo, ya rasa wanda zai bar wa su, kuma ko da akwai ba zai bari ba. Ya labta wa jaki ɗaya auduga. Ɗayan, wani baƙi da suke kira Duna, ya ɗora masa akumari da mangala mai aljihu biyu, ya sa Ruƙayyatu a aljihun dama, Ummaru a na hagu. Nan take mangala ta karkace, don yarinya ta fi nauyi. Sahabi ya tsinci wani sulɓaɓɓen dutse a bakin gulbi ya sa a gefen Ummaru, kaya suka daidaita. Ya goya Nana, ya ɗauki sanda, suka kama hanya.

Kai, ranar Gusau ta ga abin kallo! Mahauta suka bar nama, masu rini suka fito da hannuwa shuɗi. Wani mai sayar da taba ya ɗaga murya ya ce, "Sahabi, yaushe za a yi maka lalle?"

Sahabi ya ce, "Ran da ka san sunayen ɗiyanka duka."

Kasuwa ta ɗauki shewa. Daga ranar sunan Mai Goyo ya bi shi. Mata na leƙowa ta katanga, maza na tofar da yawu. Liman ma ya kira shi gefe ya ce ya yi aure ya huta. Ya ce zai yi, ran da ya sami wadda za ta auri mutum huɗu. Ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa.

Su kuwa yaran, duniya sabuwa. Duk mako sai sun fita. Suna tafe yana kakkaɓo musu magarya da kanya, Ummaru na cika baki har ya kasa magana. A mashigin gulbi sai an tsaya sun yi wanka, sun kori 'yan kifi da ƙwarya. A kasuwa ya zaunar da su gindin tsamiya ya sayo ƙosai, Ruƙayyatu ta raba, ta tauna na Nana ta ba ta. Ummaru ya ƙware da kwaikwayon kukan Duna, har wata rana ya sa jakunan kasuwa duka suka amsa masa. A hanyar komowa rana ta yi sanyi, kawuna biyu na lilo a mangala, ɗaya na munshari a bayan uba. Shekara guda da rabi suna haka, ba wanda ya rame.

Amma fa akwai inda taurin kan Sahabi ya tsaya. Ruƙayyatu 'yar fari ce, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Mutumin da ya goya jaririya ya ratsa kasuwar Gusau, wannan guda ɗaya ta gagare shi. Tun da aka raɗa mata suna bai taɓa furta shi ba. "Ke," shi ke nan. "Ke, miƙo ludayi." "Ke, riƙe ƙanenki." Ummaru ya hau wuyansa, Nana ta ja masa gemu, ita tana gefe tana kallo. Wallahi ya fi son ta da ransa, amma bakin ya ƙi.

Uwani ta san da wannan. Ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tsakani da Allah take ganin yarinya ta kai koyon kaɗi da girki, ba yawon kasuwa a bayan jaki ba. Bayan kaka ta zo Bungudu, ta sa Baffa Jatau ya tara dattawa. Ba ta nemi Ummaru ba, ba ta nemi Nana ba. Ta ce, "Ƙananan ka riƙe, mun gaji da kai. Wagga ɗiya dai ta fari ce, tawa ce." Sannan ta dube shi a gaban kowa ta ce, "Ko kana da magana a kan ɗiyarka ta fari?"

Tir da wannan tambaya! Wane namiji zai buɗe baki a zaure ya ce yana son 'yar farinsa? Sahabi ya sunkuyar da kai. Ya dubi ƙasa. Dattawa suka ce madalla, ashe da sauran kunya a idonsa.

Da safe aka ɗora yarinyar a jakin Uwani. Ba ta yi kuka ba. Ta ce wa Ummaru kada ya ba Nana magarya da ƙwallo. Sannan ta dubi ubanta, ta daɗe tana dubansa. Shi kuwa yana tsugune yana gyaran igiyar akumari wadda ba abin da ya same ta.

Ranar kasuwa ya nemo ƙaton dutse ya sa a aljihun dama. Mangala ta daidaita sarai. Jaki bai san bambanci ba, amma yara sun sani. Nana ta daina cin kirki, sai ta yi ta leƙen aljihun tana kiran Yaya. Ummaru ya bar kukan jaki. In an sayo ƙosai sai ya ware guda ya ajiye a kan dutsen. Sahabi na gani, ya kau da kai, abin na cin sa kamar gara. Haka aka yi wata biyu.

Wata safiya suna tsakiyar mashigi, ruwa iya gwiwa, Ummaru ya ce, "Baba."

"Mi ne ne?"

"In aka tafi da ni, wane dutse za ka sa?"

Sahabi ya tsaya cik. Sai ya ga a zuci ubansu, shi da Uwani, a ƙofar gida yana saƙar igiya, ya ga kansa tsugune da igiyar akumari. Ashe duk cika bakin nan, abin da aka yi masa shi ya yi. Kunya ta kama shi, ba irin wadda dattawa suka yaba ba. Ya sa hannu biyu ya ciro dutsen ya jefa a gulbi, tsulum. Mangala ta zube gefen Ummaru, Sahabi ya yi wuf ya danne aljihun da ba kowa da hannunsa.

A Gusau ya bar jakin auduga wurin wani abokin fataucinsa, ya miƙe hanyar Tsafe. Duwatsu ga su nan birjik, balle a gindin Kwatarkwashi inda suka yada zango, amma ya rantse ba zai ƙara sa dutse a wurin nan ba. Kwana uku yana tafe a gefen Duna, goyo a baya, hannun hagu na danne da mangala. Kafaɗa ta sage, yatsu suka kumbura. Matafiya na ce masa, "Malam, sa dutse mana!" Ya ce wurin da mai shi.

Da hantsi suka shiga Tsafe. A rijiyar unguwar su Uwani ya hango 'yan mata sun fi goma da tuluna, mata na wanki, maza na zaune a inuwa. 'Yarsa na cikinsu, ta ba shi baya, an yi mata kitso irin na garin. Ya ce, "Ke!" Yara shida suka waiwayo, ban da ita.

Ya buɗe murya irin wadda yake amsa Mai Goyo da ita.

"Ruƙayyatu!"

Yarinyar ta juyo tana neman mai kiran ta a cikin mazan da ke inuwa. Ta san muryar, ta san sunan, amma ba ta taɓa jin su tare ba. Sai da Nana ta ƙwalla "Yaya!" daga bayan uban, sannan ta saki tulu ta sheƙo.

Kafin ka ce kwabo labari ya kai gida. Uwani ta fito ko mayafi ba ta gyara ba. Ta ce, "Sahabi! Ɗiyar fari ka kira da suna a bainar jama'a? Ina kunyarka?"

Ya ce, "Na jefa ta gulbi, Yaya. Baba ya yi kunya ran da aka kawo ki garin nan. Mi ta ba mu? Shekara ashirin, na gaishe ki ban san ke ce ba. Ɗiyata ce, ina son ta, kowa shi ji. Na zo in tafi da ita."

Mata suka kama baki, wani tsoho ya yi salati. Uwani ta juya ta shige gida.

Sahabi ya ɗaga Ruƙayyatu, karo na farko a gaban mutane, ya sa ta a aljihun dama. Mangala ta rinjaya gefenta, don ƙaramin dutsen Ummaru an daɗe da yar da shi. Yana waige-waigen abin da zai sa, sai ga Uwani da ƙunshin kayan yarinyar, har da mazarin da ta fara koya mata kaɗi da shi. Ba ta dubi ƙanenta ba. Ta auna ƙunshin a hannu, ta cusa shi a gefen Ummaru, kaya suka zauna daidai. Idonta jawur ta ce, "In kun zo kasuwar garin nan, ku biyo."

Ya ce, "Duk mu huɗu, Yaya."

Har ya mutu mutanen Bungudu ba su daina cewa Sahabi ba shi da kunya ba, shi ma bai taɓa musu ba. Amma a ranar, da suka fita bayan gari ya saki hannunsa da ya kwana uku bai huta ba, sai ya ji an ja masa riga daga aljihun dama.

"Baba."

"Na'am."

"Sake kira."