Ƙwai Tsirara a Hanyar Isa

Daminar da na dawo Sabon Birni daga bautar ƙasa, wata makarantar sakandare a Isa ta nemi malamin ilimin halittu. Shugaban makarantar, wani dattijo marar yawan magana, ya juya takarduna ya ce takarda ba ta koyarwa. In dawo ranar Alhamis ta sama in karantar da aji ɗaya yana zaune a baya. In yara sun gane, aiki nawa ne. Darasin da ya zaɓa mini shi ne tantanin ƙwayar halitta.

Na so aikin nan ƙwarai, don na gaji da zaman ƙofar gida ana gaishe ni da "ya hutu". Darasin kuma na san shi, ko in ce ina jin na san shi. Jikin mutum da na akuya da na gero duk an gina su ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace tana lulluɓe da wani siririn tantani. Shi ke barin ruwa da abinci su shiga, ya fitar da abin da ba a so, ya tare wasu abubuwan a waje. To amma ta yaya za ni nuna wa yara abin da ba a gani, a makarantar da ba ta da na'urar dubawa? Sai na tuna wata dabara ta jami'a: in aka jiƙa ɗanyen ƙwai a ruwan kal, wato binega, tsaminsa yakan cinye ɓawon, ya bar ƙwan a cikin tantaninsa kaɗai.

Kawu, ƙanen Inna mahaifiyata, yana fataucin kaya tsakanin kasuwarmu da Maradi, shi ya kawo mini kwalbar ruwan kal. Da na nemi ƙwai wurin Inna, sai ta tsaya tsakanina da akurki.

"Kazata kwanci takai, ba ka taɓa mata ko guda. Ga na zabbi nan cike da ƙwarya. Ƙwai ai ƙwai na."

Na karɓa, na jiƙa, na zauna gadi. Ya kamata in tuna cewa ƙwan zabo ne muke karawa da juna muna yara, saboda taurin kansa. Kumfa ta taru a jikinsa, kwana ya bi kwana, in na ƙwanƙwasa shi da farce sai ya amsa mini kamar tsakuwa. Kawu kan leƙo kullum ya tambaya ko dutsen nawa ya nuna. Ga Alhamis tana matsowa, ga ruwan kal ya yi rabi.

Da sauran na jiƙa ƙwan gidan gona guda biyu da na samo wurin mai shayin bakin tasha. Waɗannan ba su yi gardama ba. Wata safiya na murza ɗaya a hankali cikin ruwa, sai ɓawon ya bi yatsuna kamar alli, ga ƙwai a tafin hannuna, lushi-lushi, ana hango gwaiduwarsa tana lilo in an ɗaga shi ga rana. Ban san lokacin da na kwasa da gudu tsakar gida ba takalmi ba.

Inna ta dangwala masa yatsa, ya lotsa ya dawo, ta ja baya tana salati, sa'annan ta sake dangwalawa. Kawu ya sake shi a kan tabarma daga ɗan tsayin taƙi, ƙwai ya yi tsalle, Kawu ya zauna daɓas yana riƙe da ciki. Ya ce a samo ƙyalle a rufa wa bawan Allah asiri, ƙwai tsirara a gidan mutunci. Kafin hantsi maƙwabta sun cika zaure, kowa na son ya taɓa, ni kuwa ina zagaye su ina roƙon a bi a hankali, ina dariya.

Sai dai akwai abin da ya hana ni sakewa. Tantanin nan da ke ƙarƙashin ɓawo ba shi ne ainihin tantanin ƙwayar halitta ba. Ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, kuma ba da abu ɗaya aka yi su ba. Hausa ce ta ba su suna ɗaya, su da fatar kalangu ma. Na ji tsoron kada yara su tashi da kuskure, ya zama ni na dasa shi. Na gaya wa Kawu. Ya ce su ɗiyan mutane sun tambaye ni? Duk da haka na shirya dogon bayanin share fage.

Ana gobe tafiya na sa ƙwai ɗaya a ruwan randa, ɗayan a zumar da Inna ke ajiyewa don tari. Da gari ya waye na ruwa ya kumbura ya yi tam, na zuma ya motse ya yanƙwane. Inna ta ce wannan na zumar kumatunta ne aka sato.

Na hau kabu-kabu da kwanoni biyu masu murfi a cinyata, muka bi ayarin safe kamar yadda kowa ke yi saboda rashin tsaron hanya. Mai babur ya tambayi mi na ɗauko nake ta "sannu-sannu". Na ce ƙwai ne, amma ba su da ɓawo. Daga nan ya riƙa kauce wa kowane rami kamar ya ɗauko mai naƙuda.

A aji na fara da share fagen. Na ce abin da za ni nuna misali ne, kuma misalin ma ba cikakke ba ne, kuma a wani fannin ana iya cewa bai dace ba. Yara suka zuba mini ido. Shugaba ya juya yana kallon taga. Na ji aikin yana zamewa daga hannuna, sai kawai na buɗe kwano na ɗaga ƙwan ruwa sama.

Aji ya ɗauka. Na bayan suka hau benci. Na nuna musu na zuma, na ce ruwa yakan ratsa tantani ya nufi inda zaƙi ko gishiri ya fi yawa, shi ya sa na ruwa ya sha ya ƙoshi, wannan kuwa zuma ta tsotse shi. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malam, in tantanin ya yage fa?"

Na ce to, ya danganta, a mafi yawan lokuta dai, ko da yake akwai... Ashe ina magana ina matsa abin da ke hannuna. Ƙwai ya fashe, ya gangara ta hannun rigata har gwiwar hannu.

Yarinyar ta dubi gwaiduwar da ke ɗiga ƙasa ta ce, "Mun gane, Malam."

Dariyar da ta tashi har ajin kusa sai da suka leƙo, ni ma ta kwashe ni na jingina da allo. Da na samu numfashi maganar ta fito mini a miƙe: in tantani ya yage, abin ciki ya zube, ƙwaya ta mutu. Na ɗauki na zuma na ce kusan haka jikin yaro ke yi in gudawa ta zuƙe shi. Gishiri kaɗan da sukari kaɗan suna da ƙofar da suke shiga tare ta tantanin ƙwayoyin hanji, ruwa ya bi bayansu. Shugaba ya yi gyaran murya daga baya, ya tambaya ko dalilin ke nan da ma'aikatan asibiti ke hana a ƙara gishiri a ruwan gishiri da sukari don ya yi ƙarfi. Na ce shi ne, in ya yi yawa ruwan jiki zai jawo waje. Ban ƙara ko kalma ba, abin da har yau yake ba ni mamaki.

Ina bakin famfo ina wanke hannun riga Shugaba ya zo ya tsaya. Bai yaba ba, bai kushe ba.

"Wancan da ka ce ba shi ne ainihin tantanin ba," in ji shi, "ka sake gaya musu ran Litinin. A taƙaice."

Ya kai ƙofar ofishinsa kafin in gane abin da ya ce.