Ɗakin da Aka Sauke Mu a Rogo

A watan nan Yayana Mamman ya cika shekara ashirin da biyu da rasuwa. Kowace shekara 'ya'yansa sukan taru a gidanmu na Tudun Kaya a yi masa addu'a, a raba waina, dattawa su yi ta faɗin kirkinsa. Abin da kowa ke fara ambata shi ne kunyarsa. Sai a ce Malam Mamman bai taɓa kallon tsabar idon mutum ya ce masa ka yi ba daidai ba. Gaskiya ne kuwa. Ni dai idan an zo nan nakan sunkuyar da kai in yi ta jan carbi, har yara na tsammanin hawaye nake ɓoyewa. Magana ce a bakina. Na gaji da riƙe ta, ga shi ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san ta.

A zamanin Turawa, ina saurayi ban yi aure ba, Yaya noma yake yi da damina, da rani kuma ya saro mazarƙwaila a Rogo ya kawo kasuwar Ƙaraye. Idan an cire gyaɗa an kai hatsi rumbu, tafiyar farko ba shi kaɗai yake yi ba. Sai ya ɗora matarsa Abu da 'yarsu Hajara a jaki, ni in kora sauran jakunan, mu je mu yi mako guda. Hutunmu na shekara ke nan, ko da yake a lokacin ba mai kiransa hutu. Abu ta leƙa gwaggonta a Beli, ni in bi 'yan dambe, Hajara kuwa ba ta da wurin da ya wuce fadama, inda doki ke zagaya injin matse rake, ruwan raken na tafasa a manyan tukwane. Masu dahuwar sun san ta. Sukan ɗiba mata mai ɗumi a ɓawon rake, ta lashe har gwiwar hannu. Tun ana shuka take fara tambayata saura wata nawa a tafi Rogo.

Yanzu idan Sallah ta zo, jikokinmu bakin dam suke tafiya a Ƙaraye, su shiga kwalekwale, su yi ta ɗaukar hoto da waya. Yaya bai ga ruwan nan ba, ya rasu kafin a tare shi. Na san abin da zai fara tambaya da ya ga motar yaran ta tashi: a gidan wa za su sauka? Shi bai san tafiya ba tare da maigida ba.

Maigidansa a Rogo shi ne Audu Fatoma, mai gidan da fatake ke sauka. Shi zai ba ka ɗaki, ya ɗaure maka jakuna, ya haɗa ka da mai kaya na gari, matarsa ta tuƙa maka tuwo. Kafin abin nan ya faru, shekara tara Yaya yana sauka a gidansa. Ba zan ci zalinsa don ya mutu ba, Audu ya iya baƙo. Shekarar da jakinmu ya karye a hanya, nasa ya ba mu muka kawo kaya har Ƙaraye, bai ko tambayi ranar da za a mayar ba.

Shekarar da nake magana, Hajara na da shekara bakwai. Tun daga zaure na ji gidan ya yi mini wani iri. Gida ne mai yara, a da kafin ka sauke kaya sun yanyame ka. Ran nan ko ɗaya babu. Hajara ta dire daga jaki tana neman ƙawarta Ladi, 'yar Audu. Audu ya ce, “Sun tafi Fulatan wurin kakarsu.” Da kaka, kasuwa na ci, gida cike da aiki, an kwashe yara duka an kai ƙauye. Ya kai mu ɗakin da ke kusa da rijiya, wanda ya saba ba Yaya da iyalinsa. An yi masa sabon daɓe, yana ta warin hayaƙi. Tabarmin sababbi ne, amma gwadon rufa tsoho ne, na nan gidan. Matar Audu ta kawo tuwo ta ajiye, ba ta zauna ba, ba ta kuma ɗauki Hajara a cinya kamar yadda ta saba ba.

Washegari da hantsi na tsaya shan fura a ƙofar gidan. Tsohuwar mai furar ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, ku ne baƙin Audu? Wane ɗaki ya ba ku?”

Na ce, “Na wajen rijiya, Iya.”

Ta daina damawa. “Har da yarinyar da na gani jiya?”

Na ce har da ita. Ta waiga hagu da dama, sannan ta ce, “Wani bafatake ya kwanta a ɗakin nan kwanan baya, jikinsa duk ya feso. Ta ƙofar baya aka fitar da gawarsa. Ni ban gaya maka komai ba.”

Yaran yau ba su san agana ba, Allah kada ya sanar da su. Ciwo ne da ke feso wa mutum ƙuraje tun daga kai har tafin ƙafa, wanda ya tsira ya tashi da zanzana irin wadda ke fuskata, wani ma ya rasa ido. Idan duba-gari, ma'aikacin tsabta na hukuma, ya ji labarinta a gida, sai a ƙone jinka da kayan kwanciya, a kwashe mutanen gidan a kai su bukkoki a bayan gari. Ga fatoma, a tsakiyar kaka, wannan rufe gida ne gaba ɗaya. Shi ya sa Audu ya yi shiru. Akwai kuma masu lamba, waɗanda Turawa ke turowa su tsaga wa yara dantse don rigakafi. Mu a ƙauye tsoronsu muke yi. Ni da Abu mun yi agana tun muna ƙanana, Yaya kuma masu lamba sun taɓa ritsa shi a Kano. Hajara ce kaɗai ba ta da komai a jikinta. Shekara biyu kafin nan, da suka shigo Tudun Kaya, ni da hannuna na ɗaga ta na saka a rumbu, tana ta dariya tana tsammanin wasa ne.

Na bar furar na gangara fadama, na sami Yaya yana duba kaya. Na ja shi gefe na faɗa masa duk abin da na ji. Na ce, “Yaya, mu ɗaura wa jakuna kaya mu wuce Beli yau ɗin nan.”

Ya kau da kai wajen dokin da ke zagayawa. Sannan ya ce, “Ilu, shekara tara ina cin tuwon gidan nan. In je in ce wa Maigida me? In ce mai fura ta ce?”

Na ce, “To ko ɗakin a sake mana.”

Ya ce, “Baƙo ba ya zaɓen ɗaki. Kada in ji maganar nan a bakinka, balle Abu ta ji.”

Akwai wani abu kuma da ya ɗaure shi. Hajara 'yar fari ce. A wurinmu uba ba ya kiran sunan 'yar fari, ba ya nuna damuwarsa da ita a gaban mutane. Yaya “yarinyar nan” yake ce mata. A ce ya tashi daga gidan maigidansa saboda ita, kunya biyu ke nan a rana ɗaya.

Ni fa me na yi? Wannan tambayar ta fi kowace ci mini rai. Ina da ƙafa, na san hanyar Beli, yarinyar kuma ko'ina na ce ta zo za ta biyo ni. Amma ƙane ba ya tsallake maganar wa. Iyakar jarumtata, na shiga ɗakin na ɗauko gwadon na jefa shi kan danga. Kafin la'asar Abu ta gani, ta ce wa ya shanya mata, ta kakkaɓe ta mayar. Ba wanda ya gaya mata komai, ta yaya za ta sani? Da safe na leƙa na ga Hajara a nannaɗe a ciki saboda sanyi. Muka ƙara kwana biyar a ɗakin nan.

Mun dawo gida da kamar mako guda zazzaɓi ya kama ta. Ba zan bayyana abin da ya biyo baya ba, wanda ya taɓa gani ya sani. Abin da zan faɗa shi ne mu ma ɓoye ta muka yi a ɗakin baya, don kada duba-gari ya ji, daidai yadda Audu ya yi. Ni nake zama da ita saboda ciwon ba ya kama ni. Wata rana da ta ɗan farfaɗo ta ce, “Baffa, fuskata za ta zama irin taka?” Na ce za ta zama, amma ai ga shi 'yan mata na rububina. Ba ta yi dariya ba, kuka ta yi. A kwana na tara ta rasu. Yaya bai zubar da hawaye a gaban kowa ba, mutane suka yi ta yaba dauriyarsa.

Ranar uku sai ga Audu a ƙafa tun daga Rogo. Da na hango shi na miƙe, niyyata in kore shi a gaban jama'a. Yaya ya kalle ni, na koma na zauna. Shi da kansa ya shimfiɗa masa tabarma. Bayan addu'a Audu ya matso ya ce, “Malam Mamman, akwai maganar da ya kamata a ce tun ranar da kuka sauka...” Yaya ya ɗaga hannu ya ce, “Maigida, wanda ya ba da ita shi ya karɓa. A bar maganar.” Audu ya sunkuyar da kai, ya ci abincin da aka kawo, ya koma.

Yaya bai sake kai iyali Rogo ba. Amma shi ya ci gaba da zuwa, kuma a gidan Audu yake sauka har Audu ya mutu. Ni ban ƙara taka garin ba. Abu ta haifi wasu, ta tsufa, ta rasu tana cewa iskar hanya ce ta bugi 'yarta. Shekaru ina jin haushin Yaya, ina kuma jin tsoron irin zuciyarsa, don na ɗauka yafiya ce wadda ni ba zan iya ba.

Saura kamar shekara ya rasu, muna zaune a zaure da rana muna ɓarar gyaɗar iri. Sai ya ce, “Ilu, ka tuna ranar da Audu ya zo gaisuwa?” Na ce ban manta ba. Ya ce, “Kai kana tsammanin kai ka fara gaya mini. Tun a ƙofar gida na sani. Na ga babu yara, na ga mutumin ya kasa haɗa ido da ni, na ji warin ɗakin. Na ce idan na juya jakuna a nan, gobe duk Rogo ta san dalili, na kashe masa gida. Na ce kwana bakwai ne, Allah zai tsare.” Ya ƙara da cewa, “Da na bar shi ya faɗi nasa laifin a gaban mutane, da ni ma sai na faɗi nawa.” Ni ma ina da nawa, ya kuma sani. Muka ci gaba da ɓarar gyaɗa har aka kira sallah.

Yanzu nakan ji mutane a rediyo suna bugo waya su ce wane shago ya sayar musu da ruɓaɓɓen kaya, wane masauki babu tsabta, su faɗi unguwa har da layi. Da Yaya na raye zai ce rashin kunya ya yi yawa a duniya, ni ma wani lokaci nakan ce haka. Ba kuma zan ce kunyarsa ba ta da amfani ba. Ita ta sa bai taɓa tozarta kowa ba, ita ta riƙe gidanmu har 'ya'yansa suke zaune lafiya da juna. Ina ƙaunarsa, ina yi masa addu'a kowace sallah. Amma ya auna mutuncin babban mutum da ran yarinya, ya zaɓa, ni kuma ina tsaye na bar shi. Abin da na gada daga gare shi bai yi kama da shi ba ko kaɗan.

Kwanakin baya jikana ya kai ni Kano ganin likitan ido, muka sauka a wani masauki, da matarsa da 'yarsu ƙarama. Ma'aikacin wurin ya miƙo makulli. Na ce, “Malam, wa ya kwana a ɗakin nan kafin mu? Lafiya ƙalau ya tashi? An wanke abin rufar?” Ya yi dariya ya dubi jikana. Jikana ya ja mini hannun riga ya ce, “Baba, don Allah, mutane na kallonmu.” Na ce su kalla. Ban bari an shigar da yarinyar ba sai da mutumin ya ba ni amsa.