Hannun Baba Sannu-Sannu

A ɗakin gwajin nan har an manta ainihin sunansa. Baba Sannu-Sannu ake ce masa, domin ko kofin shayi zai ajiye, sai ka ce jariri yake kwantarwa. Mai ɗakinsa kan ce in ta aike shi ɗauko gishiri, gara ta sauke tukunyar tukuna.

Aikinsa ɗaya ne tun yana da baƙin gashi. Masu bincike su kawo masa lu'ulu'un da suka haɗa, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba. Shi zai ɗauke shi da hantsaki, ya shafa fentin azurfa a gefe biyu, ya manna siraran wayoyi. Daga nan a haska masa siririn hasken nan na leza, a saki lantarki, a auna yadda hasken ya juya. Da irin wannan awon ake ƙera na'urar da ke gane ƙarfin wuta a manyan wayoyi ba sai mutum ya kusance su ba. In fenti ya ɗiga inda haske ke bi, shi ke nan, lu'ulu'u ya tashi aiki.

Bana hannunsa na dama ya soma rawa. Bai gaya wa kowa ba, don yana tsoron ranar da za a ce ya je ya huta.

Ran nan wata ɗaliba ta kawo nata. Shi kaɗai ya yi kyau cikin duk waɗanda ta haɗa, kuma digirinta a kansa ya rataya.

"Baba, ga amanata," in ji ta. "An ce in ba kai ba, kada in ba kowa."

Ya tsoma buroshi cikin fenti, ya kafa gwiwar hannu a tebur, ya riƙe numfashi yadda ya saba. Bakin buroshin sai karkarwa yake. Zai iya yin sa'a. In kuwa bai yi ba, yarinyar ce za ta kwana a ciki.

Ya janye hannu. "Zo ki zauna nan, 'yata."

"Ni? Baba, ko zare ban iya zura wa allura ba!"

"Yau za ki iya. Kafa gwiwarki. Kada ki dubi hannunki, dubi gefen lu'ulu'un."

Ta shafa gefe ɗaya. Ya ɗan karkace, amma bai ɗiga ba. Ta juyo da murna tana miƙa masa buroshin ya ƙarasa. Baba ya riga ya tura hannayensa cikin aljihu, sakar wa wani aikin nan kuwa ya yi masa ciwo ƙwarai a zuciya.

"Saura ɗaya gefen," ya ce. "Gobe kuma ki turo mini sauran 'yan ajinku."