Kujerar da ke gefen ma'auni

Shekara takwas ke nan da muka kai Alhaji Isiyaku makwancinsa a Agege. Aminina ne, kuma ubangidana. Motar shanu ɗaya ta sauke mu a Legas muna samari. Shi Allah ya buɗa masa ya zama dillalin nama a mayankar Oko-Oba, ni na tsaya ɗan dako, ina saɓa cinyar saniya daga mayanka zuwa mota.

Alhaji bai iya daɗin baki ba, ko sannu da ƙyar take fita. Godiyarsa wata kujerar katako ce a gefen ma'auni. Ido yake sa wa kafaɗunmu. Ran da ya ga ɗan dako ya fara karkacewa a ƙarƙashin kaya, sai ya kira shi a gaban kowa ya ce, "Ka ɗauke mu da yawa, zauna mu ma mu ɗauke ka." Daga ranar aikin mutumin duba awo ne, abincinsa kuwa ba a taɓa shi. Saboda kujerar nan babu mai ɓoye ciwo a rumfarmu.

An ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Ɗansa Kabiru ya gaji rumfa, bai gaji idon ba. Ba mugu ba ne, yana ma yabonmu fiye da uban, har riguna masu tambari ya raba mana da salla. Amma ya kawo ma'auni mai faɗin nauyi da kansa, aka fitar da kujerar waje. Bara da gwiwar Baba Tanko, babbanmu a dako, ta ƙi, Kabiru ya dafa shi ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari wallahi, je ka huta." Hutun ke nan. Yanzu goro yake kasawa a bakin tashar motocin haya na danfo.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kafaɗata ta hagu ta soma mutuwa tun damina. Ina shafa man zafi a ɓoye, ina dariya da ƙarfi don kada a gane. Makon jiya na yi tangaɗi da kaya, na ɗago sai muka haɗa ido da Kabiru.

"Baba Sule, lafiya dai?"

"Lafiya lau, oga, santsi ne."

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Ina da 'ya'ya a makaranta, kuma jiki magayi ne, ba ya rufa asiri. Da Alhaji zai leƙo yau, me zai ce in ya ga mutanensa suna tsoron a tambaye su lafiya?

Abin da ya rage nasa ba rumfar ba ce. Ran da aka jefar da kujerar na ɗauke ta, tana ɗakina. Ina goge ta, ina yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa zama a kanta ba, don har yau babu wanda ya ce mini zauna.