Tambayar da Ta Biyo ta Bakin Ƙanwata

Ni ce 'yar fari a gidanmu a Kiyako, Innata kuwa mace ce mai tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son in ɗebo ruwa, sai ta dubi randa ta ce, "Wai babu mutane ne a gidan nan?" Kowa yana yaba mata wannan kawaici.

Ƙanwata kuwa babu wannan shamaki tsakaninta da Inna. A shekarun da arzikin mai ya kawo mana makaranta mai rufin kwano, in ta dawo tana kuka wata ta mare ta, Inna kan zaunar da ita ta ce, "Me kika yi mata tukuna? Da ke ce ita, yaya za ki ji?" Ta yi ta tambaya har yarinyar ta kamo bakin zaren da kanta. Ni ina gefe ina ɓarar gyaɗa, kamar ana shayar da wata furar da aka dama domina. Ƙanwata ta tashi ta iya faɗa, ta iya shiri, ƙawaye har sun yi mata yawa. Ni fushi kawai na iya, sai mafarki.

Ƙawa ɗaya gare ni, 'yar malamin gona. Ita na nuna wa bayan littafina, inda nake rubuta wa wani saurayi da ban taɓa gani ba wasiƙu, mai farin keke da murmushi kamar hantsi. Ta karanta wa 'yan aji. Na ƙulla gaba da ita wata guda, sai ga labari an mai da babanta Gwaram.

Ana gobe za su tashi na tsaya gaban Inna tana tankaɗe. "Inna, gobe za su tafi, kuma ba ma magana."

Ba ta ɗago ba. Ta ce wa ƙanwata, "Auta, tambayi waccan, littafin ya fi mata ciwo ko tafiyar?"

"Yaya, wai an ce..."

"Na ji, ba kurma ba ce ni."

"To amsa mana, sarauniyar kumburi. In kunya kike ji, zo in raka ki, ni zan yi sallamar."

Na san amsar sarai. Amma ko wannan tambaya ɗaya da ta zama tawa, sai da ta biyo ta bakinta. Na ce, "Littafin."

Hannun Inna ya tsaya a kan rariya, sannan ya ci gaba.

Da safe ƙanwata ce ta je ban kwana. Ina bayan rumbu na ji motar ta kama hanyar Birnin Kudu. Da ta dawo ta ce, "Yaya, sau biyu ta tambaye ki."

Inna ta ce mata, "Ke me kika ce?"

Suka zauna suna hirar ƙawata, su biyu. Ban sake ganin ƙawar tawa ba har yau.