Malam Gidaɗo Mai Aske Inabi

Kafin masu babur su fara jigilar mutane daga Chinade zuwa Azare, Malam Gidaɗo ya riga ya shiga lambu. Yakan bi rumfunan inabinsa yana shafa kowane reshe da yatsa, domin idonsa ya yi rauni yanzu. Ni acaɓa ce ta kai ni can. Na sauke fasinja, na leƙa ta shinge, sai na kasa tafiya. Curi-curin inabi ne baƙaƙe suna reto a saman kai, a ƙasarmu mai zafin nan!

Filin gado ne, nasa da ƙaninsa Alhaji Bappayo. Alhaji da bakinsa ya ba ni labarin yadda inabin ya yi shekaru yana ganye ba ɗa ko ɗaya, har ya gaji ya ce, "Yaya, awaki ne mu da za mu ci ganye? Bana in bai haihu ba, mu tumɓuke mu zuba albasa."

Malam ya ce ya ji. Wani tsohon mai lambu ya taɓa gaya masa wata dabara da ya daɗe yana tsoron gwadawa. Ya ɗauko almakashi ya datse rassan, ya tsige ganyen tas, ya hana su ruwa. Jaji maƙwabcinsa ya ce, "Wallahi na ɗauka haushi ne ya sa ya kashe abinsa da hannunsa. Ƙirare kawai ka ke gani." Da Malam ya koma ba su ruwa, sai tsiro ya ɓullo, kowane da furensa.

Na tambaye shi sirrin. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, inabi in ya ji daɗi mantawa yake da haihuwa."

Maiɗakinsa Hajiya Dijatu ta matse mana inabin, baƙi da kore, a ƙwarya, ta tace da ƙyalle. Baƙin yana da zaƙi mai nauyi da ke zama a maƙogwaro. Koren kuwa ɗan tsami ne ke fara gaishe ka, zaƙin ya biyo baya. Da na nemi guzuri a gora, sai ta ce, "Shanye a nan, ɗana. A gidan nan ruwan inabi ba ya kwana, kada ya rikiɗe ya zama abin da Allah ya hana."

Malam, kai ne ka yanke abin da ka fi so don ya rayu. Gwanin almakashi, mai haƙurin da ya fi na albasa tsawo.

Bana ya ajiye aiki. A gabanmu ya miƙa wa 'yarsa Bara'atu almakashin, ya kai ta gindin inabin farko, wanda aka so tumɓukewa. Ta ce, "Baba, in na kashe shi fa?"

Ya lalubi reshen ya riƙe mata. "Nan. Yanke."

Ta yanke.

Mun gode, Malam Gidaɗo. Allah ya ƙara lafiya, ya haskaka idanu. Mu kuma samari masu saurin cewa abu ya ƙi, mu je Chinade mu ga kututturen nan. Na koma makon jiya, ya fara tsiro.